Yadda Ake Zaɓen Tayar Mota Mai Gudu: Ta Titi, Ta Filin Tsere, Ko Seti Biyu

Tayar da ta fi sauri a filin tsere ita ce ta fi hatsari a titi ranar da aka tafka ruwa. Ita kuma tayar da ke ba ka natsuwa a titi, idan ka shiga fili ka matsa mata, zagaye huɗu ko biyar za ta yi ta soma santsi saboda zafi. Har yau babu kamfanin da ya haɗa waɗannan halaye biyu cikakku a taya ɗaya, domin robar da ke manne wa kwalta mai zafi laushi gare ta kuma tana saurin cinyewa, sannan zurfin zanen da ke kore ruwa shi ne ke sa taya lanƙwasa tana tara zafi a kwana. Saboda haka kafin ka tambayi wace taya ce ta fi kyau, fara sanin abin da za ka iya haƙura da rashinsa.

Mataki na farko: lissafa inda motar ke cin kilomitocinta

Ɗauki takarda ka rubuta kilomita nawa motar ke yi a shekara, da kwana nawa kake shiga fili. A ranaku da yawa da ake buɗe fili ga masu motocin kansu, kamar a Silverstone ta Ingila ko Spa ta Beljiyam ko Yas Marina ta Abu Dhabi, ana raba gudu ne zango-zango na minti 15 zuwa 25, kuma da wuya mutum ya wuce kilomita 150 zuwa 250 a wuni. A ce motarka na yin kilomita 15,000 a shekara, kana shiga fili sau uku. Gudun fili kusan kilomita 600 ke nan, kashi huɗu cikin ɗari kacal. Wanda ya sa tayar fili saboda wannan kashi huɗun, sauran kashi 96 zai yi su ne da taya mai ƙara, mai tauri a ramuka, mai tsoron ruwa, wadda kuma zuwa aiki da cefane za su cinye kafin ranar filin ta zagayo.

Sai ka ƙara tambaya biyu. Wane yanayi mafi muni motar za ta shiga dole, ba da zaɓinka ba? Ruwan damina da dare, ko sanyin hunturu na Turai? Sannan shekara nawa ka yi kana tuƙin fili? Amsar ta biyun tana da nauyi fiye da yadda sababbin shiga ke so su yarda, za mu dawo kanta.

Mataki na biyu: san rukunan da ke kasuwa

Rukuni na farko shi ne tayar titi mai babban aiki, irin wadda ake ɗaura wa BMW M3 ko Mercedes-AMG ko Porsche 911 daga kamfani. A nan ake samun Michelin Pilot Sport 4S, Continental SportContact 7, Goodyear Eagle F1 SuperSport, Pirelli P Zero da Bridgestone Potenza Sport. Sabuwarta na zuwa da zurfin zane kusan milimita 7 zuwa 8, da manyan magudanan ruwa masu zagaye tayar, kuma robar tana da sinadarin silika da yawa wanda ke taimaka mata kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Tana aiki tun daga ƙofar gida, ba ta buƙatar a ɗumama ta.

Rukuni na biyu su ne waɗanda masu harkar ke kira 'yan 200, saboda lambar TREADWEAR da ke jikinsu, wadda za mu yi bayaninta a mataki na uku: Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama Advan A052, Falken Azenis RT660, Nankang CR-S, Hankook Ventus RS4. Dalilin da ya sa duk suka taru a kan lamba ɗaya shi ne ƙungiyar tseren motoci ta SCCA a Amurka ta sa 200 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a shiga ajinta na motocin titi da shi, kamfanoni kuwa suka yi ta ƙera taya mafi danƙo da za su iya buga wa wannan lamba. Su ma kansu gida biyu ne. RE-71RS da A052 suna ɗumama nan da nan, suna ba da zagaye mafi sauri, amma a kan mota mai nauyi suna saurin gajiya da cinyewa. RS4 ba ta kai su sauri ba, amma tana jure zango bayan zango ba ta canza hali, shi ya sa masu tseren dogon zango da masu yawan shiga fili ke son ta.

Rukuni na uku shi ne semi-silik, wato tayar tsere da aka yi wa zane kaɗan don doka ta yarda a hau titi da ita: Michelin Pilot Sport Cup 2, Pirelli P Zero Trofeo R, Toyo Proxes R888R, Nankang AR-1. Zurfin zanenta tun tana sabuwa kusan milimita 5 zuwa 6 ne, kafaɗarta ta waje kusan a shafe take, gefenta kuma da tauri. Cup 2 ce mafi sauƙin kai a cikinsu, kuma ita Porsche ke ɗaura wa GT3 daga kamfani.

Na ƙarshe silik, marar zane sam. Ba a hawa titi da ita, kuma masu shirya ranakun fili da yawa ba sa yarda da ita sai motar na da kejin ƙarfe a ciki. A Nürburgring ta Jamus, a lokutan da ake buɗe Nordschleife mai tsawon kilomita 20.8 ga jama'a, dokar titi ce ke aiki, don haka sai taya mai izinin titi. Mai karanta wannan jagora don motar da yake zuwa gida da ita, ya cire silik daga lissafi.

Mataki na uku: kada lambar TREADWEAR ta ruɗe ka

A gefen taya za ka ga an rubuta TREADWEAR da lamba, sai TRACTION da TEMPERATURE da haruffa. Tsarin gwamnatin Amurka ne. Lambar farko tana kwatanta saurin cinyewar tayar da wata tayar gwaji da aka ba 100, bayan tafiyar mil 7,200 a kan wasu hanyoyi na jihar Texas. Pilot Sport 4S na da 300, Cup 2 ta asali 180, R888R 100, Trofeo R 60, Hoosier R7, wata tayar tsere, kuwa 40.

Matsalar ita ce kamfanin da ya ƙera tayar shi ke buga lambar, kuma doka ta hana shi ƙari ne kawai, ba ta hana shi ragewa ba. Don haka lambar na da amfani wajen kwatanta tayoyin kamfani ɗaya, amma tsakanin kamfani da kamfani ba ta da tabbas. Akwai 'yar 200 da ta fi wata mai 100 sauri a fili. TRACTION kuma, mai AA ko A ko B ko C, birki ne kawai a miƙe a kan jiƙaƙƙen wuri, bai ce komai a kan kwana ba. TEMPERATURE dole ya zama A, amma duk tayoyin da muka ambata A ne, saboda haka bai raba maka gardama ba.

Takardar da Tarayyar Turai ke liƙa wa taya ta fi amfani ta fuskar ruwa: tun watan Mayun 2021 tana ba da maki daga A zuwa E a kan birki a jiƙe. Tayoyin rukuni na farko galibi A suke samu, semi-silik kuwa sau da yawa ƙasa da haka. Ita ma ba ta auna yadda taya ke yi idan ruwa ya kwanta a titi. Wannan sai a gwaje-gwajen da mujallu irin su Auto Bild da Sport Auto, ko ƙungiyar masu motoci ta ADAC a Jamus, ko dillalin taya na Tire Rack a Amurka ke yi, inda ake ɗaura tayoyi daban-daban a mota ɗaya rana ɗaya. Nemi gwajin da aka yi da girman taya kusa da naka da mota mai nauyi kusa da taka. Sakamakon ƙaramar mota mai kilo 1,100 ba zai gaya maka yadda tayar za ta yi a ƙarƙashin mai kilo 1,800 ba.

Mataki na huɗu: girma, nauyi da gudu

Ɗauki misalin 245/40 R18 97Y XL. Faɗin tayar milimita 245 ne. Tsayin gefenta kashi 40 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 98. Rim ɗin inci 18. Lambar 97 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 730. 91 kilo 615 ne, 94 kilo 670, 100 kuma kilo 800. Harafin ƙarshe shi ne iyakar gudu: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. XL na nufin an ƙarfafa jikin tayar, amma tana kai cikakken nauyinta ne a iska mafi yawa, kusan psi 42 a gejin auna iskar taya, ita kuwa ta yau da kullum a psi 36. Ƙa'idar a nan guda ce: kada ka sauka ƙasa da lambar nauyi ko harafin gudun da ke rubuce a jikin ƙofar direba ko littafin motar. Wasu semi-silik W ne ba Y ba, wasu kuma lambar nauyinsu ƙasa take da ta tayar da motar ta zo da ita, don haka a duba kafin a biya kuɗi.

Mutane na son faɗaɗa taya, amma rim ne ke yanke hukunci. Taya 245/40 R18 an yarda da ita a rim mai faɗin inci 8 zuwa 9.5, kuma an auna ta ne a 8.5. Idan ka cusa 265 a rim mai inci 8, gefen zai kumbura ya yi lilo, sitiyari ya yi jinkirin amsawa, kuma ƙarin faɗin ba zai taɓa ƙasa daidai ba. A fili, taya madaidaiciya a kan rim da ke kusa da iyakar faɗinsa ta fi taya mai faɗi da aka matse. Ka kuma lura cewa 'yan 200 da semi-silik kan fi lambarsu faɗi a zahiri, kafaɗarsu a miƙe take. Inda 245 ta titi ta shiga lafiya, 245 ta fili na iya gogar shokozoba ko bakin bodi idan an murɗa sitiyari har ƙarshe.

Idan za ka canza girman rim, tsayin tayar gaba ɗaya kada ya kauce da fiye da kashi uku cikin ɗari, in ba haka ba agogon gudu zai yi ƙarya kuma na'urorin ABS, mai hana birki kulle taya, da na hana zamewa za su rikice. 245/40 R18 tsayinta kusan milimita 653 ne, 245/35 R19 kuma 654, don haka suna maye gurbin juna. Bambancin yana gefe: milimita 98 a ta farko, 86 a ta biyu. A titi mai ramuka, wannan milimita 12 ɗin na iya zama bambanci tsakanin wucewa lafiya da fashewar gefe har rim ya lanƙwashe. A fili ma ƙaramin rim ya fi sauƙin nauyi da arha, muddin ya rufe birkin bai goge shi ba.

Akwai kuma alamun kamfanin mota: tauraro na BMW, MO na Mercedes da MO1 na AMG, AO na Audi, N da lamba na Porsche. Taya mai wannan alama an sake mata gini ko roba don wannan motar. Ba dole ba ne a same ta, amma kada a haɗa mai alama da marar alama a layi ɗaya, hagu da dama.

Mataki na biyar: ruwa da zafi da sanyi

Taya ba ta iya matse ruwa, sai dai ta kore shi ta cikin magudanan zanenta. Idan ruwan ya fi ƙarfin magudanan, tayar sai ta hau kansa ta rabu da kwalta, sitiyari ya yi sakayau, birki ya zama banza. Abu uku ke kawo wannan da wuri: ƙarancin zurfin zane, faɗin taya, da gudu. Semi-silik ta haɗa biyun farko tun tana sabuwa. A kan titi mai laima kawai tana iya yin abin kirki idan ta ɗan ɗumama, amma inda ruwa ya kwanta, ko a kilomita 80 a awa tana iya tashi, musamman in ta ci rabinta. Doka a Turai ta tsaya a milimita 1.6, inda 'yan gadojin da ke cikin magudanar ke daidaita da saman zane. Wanda zai yi tuƙi a ruwa mai ƙarfi ya canza a milimita 3. Ga mai mota a Abuja ko Kaduna ko Jos, inda ruwan Agusta kan cika titi cikin minti goma, wannan kaɗai ya isa ya cire rukuni na uku daga tayar yau da kullum.

Sanyi matsalar mazauna Turai da Arewacin Amurka ce. Ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyos robar tayar bazara, wato wadda aka yi don lokacin zafi irin waɗannan, na ƙanƙarewa ta daina kama ƙasa, kuma idan aka tuƙa semi-silik ko 'yar 200 a sanyin da ruwa ke daskarewa, robar na iya tsattsagewa, kamfanoni kuma ba sa biyan wannan.

Zafi kuwa shi ke kashe tayar titi a fili. Toyo ta ce R888R na aiki ne tsakanin kusan digiri 71 zuwa 104. Tayar titi tana gajiya kafin ta kai saman wannan. Kuma sabuwar tayar titi mai cikakken zane ta fi wadda ta ci rabi saurin lalacewa a fili, domin dogayen tubalan zanen suna lanƙwasa a kowace kwana, lanƙwasar na haifar da zafi, har tubalan kafaɗa su soma ɓallewa gutsure-gutsure. Mai shirin shiga fili da tayar titi gara ya shiga da wadda ta sauka zuwa milimita 4 ko 5.

Mataki na shida: duba shekarunta

A gefen taya, bayan haruffan DOT akwai jerin lambobi, huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira. 1824 na nufin mako na 18 na 2024. Don tayar fili, nemi wadda ba ta wuce shekara biyu da ƙira ba, domin danƙon da kake biya wa kuɗi yana bushewa ko tana ajiye. Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya dubawa kowace shekara bayan ta cika biyar, a kuma cire ta a shekara goma ko da zanenta na nan.

Tayar tokumbo ta fili ita ce mafi munin ciniki a wannan harka. Semi-silik na mutuwa da yawan ɗumama da hucewa tun kafin zanenta ya ƙare, saboda haka wadda aka cire daga motar wani a Jamus tana iya zuwa da milimita 4 a ido alhali robar ta zama itace. Ba za ka kuma san ko ta taɓa dukan dakali ko an yi gudu da ita ba iska ba.

Mataki na bakwai: yanke shawara

Wanda ke shiga fili sau ɗaya zuwa uku a shekara, ko wanda bai daɗe da farawa ba, ya tsaya a rukuni na farko. Ba don arha kawai ba. Tayar titi tana kuka kafin ta saki, kuma tana saki ne a hankali, don haka direba na koyon inda iyakar motar take a gudun da zai iya gyara kuskure. Semi-silik tana rufa wa mugun tuƙi asiri: ka shiga kwana ba daidai ba ta riƙe ka, ka sake ta riƙe ka, ranar da za ta saki kuwa kana gudu mafi yawa kuma gargaɗin kaɗan ne. Abin da mai tayar titi zai kiyaye shi ne tsawon matsi: zagaye uku ko huɗu da ƙarfi, ɗaya a hankali don ta huce.

Wanda ke shiga sau huɗu zuwa takwas, yana zaune inda ruwa ba shi da yawa, kuma motar ba ita ce ta zuwa aiki ba, 'yar 200 mai juriya ko Cup 2 za ta yi masa a matsayin seti ɗaya. Zai sha ƙara, zai ji tsakuwa na dukan ƙarƙashin mota saboda robar na ɗauke ta, kuma zai rage gudu sosai a ruwa.

Daga nan zuwa sama, ko kuma duk wanda motarsa ke aiki kullum amma yana son danƙon fili, seti biyu ne amsa: rim huɗu da tayar titi, wasu huɗu da tayar fili. Kuɗin farko da yawa, amma kowace taya na cinyewa ne a aikin da aka yi ta dominsa. A ra'ayinmu wannan ya fi kowace dabarar neman taya ɗaya mai yin komai. Rim na biyun ya dace da yawan noti da tazararsu, da faɗin ramin tsakiya, da zurfin zamansa a kan mota, kuma idan motar na da na'urar auna iska a cikin taya, sai an sa masa nasa.

Kowane zaɓi ka yi, huɗun su zama iri ɗaya. Semi-silik a gaba da tayar titi a baya na sa bayan mota ya riƙa zamewa ba zato. Akasin haka kuma gaba ne zai ƙi juyawa a busasshe, sannan a ruwa bayan ya tashi. Motoci masu ja da ƙafa huɗu ba sa son bambancin zurfin zane tsakanin tayoyi ya wuce milimita 2 zuwa 3, domin yana wahalar da giyar tsakiya. Littafin motar zai faɗi iyakarta.

Mataki na takwas: shirya motar ta ɗauki tayar

Taya mai danƙo na ƙara wa komai aiki. Mota na ƙara kwantawa a kwana, kuma idan tayar gaba a tsaye take cak, kafaɗarta ta waje ce za ta ɗauki duk nauyin ta cinye a wuni ɗaya ko biyu alhali ciki na nan sabo. Maganin shi ne kamba, wato karkatar da saman taya zuwa cikin mota. Motocin titi na zuwa da kusan digiri rabi zuwa ɗaya da rabi. Semi-silik na son biyu zuwa uku a gaba, kuma a motoci da yawa ba a samun wannan sai an sa farantin kamba a saman shokozoba ko an canza notin da ke riƙe ta. Masu tsoron kamba za ta cinye cikin taya a titi su sani cewa to-in ko to-awut, wato karkatar gaban tayoyi zuwa ciki ko waje, idan ya kauce ya fi kamba cin taya nesa ba kusa ba, don haka a wajen alaimen a mai da hankali can.

Birki ma zai ɗauki zafin da bai saba ba. Man birki DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma yana shan laima, kuma wanda ya shekara biyu a mota na iya tafasa a zango na biyu, feda ta nutse har ƙasa. A zuba sabo mai jure zafi, irin Motul RBF 600 ko Castrol SRF, a kuma tabbatar takalman birki sun fi rabi. Man inji ya kasance a kan layin sama, domin a doguwar kwana man na taruwa gefe guda famfon mai ya ja iska.

Mataki na tara: ɗaurawa

Duba rubutun gefe. Mai OUTSIDE wannan fuskar ce ke kallon waje. Mai kibiya da ROTATION dole ta juya inda kibiyar ta nuna, kuma idan aka ɗaura ta baibai tana tara ruwa maimakon kore shi. Gefen waɗannan tayoyi da tauri yake, saboda haka aikin injin cire taya ne mai kariyar roba, ba na mai faci da ƙarafuna da guduma ba. A sa sabon bawul, gara na ƙarfe, da murfi mai roba a ciki, a yi balansin. A ɗaure noti da sifana mai auna ƙarfi: yawancin motoci tsakanin 110 zuwa 140 Nm suke, wato awon ƙarfin ɗauri, amma adadin littafin motarka za ka bi. A sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100, a fili kuma kafin kowane zango, bayan ƙafar ta huce. Notin da aka ƙara wa ɗauri yana da zafi yakan miƙe ya karye daga baya. Sabuwar taya kuma a ba ta kilomita 200 zuwa 300 na tuƙin hankali kafin a matsa mata.

Tayar da aka yi wa faci ba ta shiga fili. A titi ana yarda da gyaran huda da ba ta wuce milimita 6 ba a tsakiyar zane, da facin ciki, amma ba a gefe ko kafaɗa ba.

Mataki na goma: iska a ranar fili

A nan aka fi ɓata taya mai tsada. Iska na ƙaruwa da kusan psi ɗaya a duk digiri biyar da rabi na zafi, kuma a fili ba abin mamaki ba ne ta hau da psi 6 zuwa 10. Wanda ya shiga da 35 na titi zai fito da 43 ko fiye, tsakiyar tayar ta turo, motar ta riƙa yawo. Abin da ake nema shi ne adadin iska tana da zafi. Ga yawancin 'yan 200 da semi-silik yana tsakanin psi 32 zuwa 36. Toyo ta ba da 32 zuwa 38 ga R888R. Mota mai nauyi na son saman wannan, tayar titi ma haka, domin gefenta da laushi yake.

Hanyar da ba ta da hatsari ita ce a fara da adadin da ke jikin ƙofa ko ƙasa da shi da psi biyu ko uku, a yi zagaye huɗu ana ƙara gudu a hankali, a shigo a auna nan take da geji mai kyau, a sace iska zuwa adadin da ake so. A maimaita bayan zango na biyu, nan ne yake zama. Kada a fara da iska kaɗan sosai da nufin ta hau daga baya sannan a matsa tun zagayen farko: gefen tayar na naɗewa, wayoyin ciki su wahala, kuma ɓarnar ba ta nunawa sai daga baya. Ba za ka sace daidai a huɗun ba. A filin da ake zagayawa ta dama, ta hagu ta gaba ce ke shan wahala, ita za ta fi hawa.

Mai ma'aunin zafi na allura ya soka wuri uku a faɗin kowace taya da shigowarsa: ciki, tsakiya, waje. Ciki ya fi waje da digiri 5 zuwa 10, tsakiya kuma ya faɗa tsakaninsu, wannan daidai ne. Tsakiya ya fi duka zafi, iska ta yi yawa. Tsakiya ya fi duka sanyi, iska ta yi kaɗan. Waje ya fi ciki, kamba bai isa ba. Marar ma'auni ya ja alli a kafaɗar taya zuwa gefe. Idan allin ya goge har ya wuce 'yan alamun dala da ke bakin zane, tayar na naɗewa.

Fuskar tayar ma na magana. Ƙananan dunƙulen roba da suka manne mata yawanci na wasu motoci ne ta kwaso, za su fita da kansu. Idan saman ya yi kaushi kamar an kankare shi da wuƙa, an matsa mata ne tun ba ta ɗumama ba, ko direba na ƙara murɗa sitiyari bayan gaba ya riga ya saki. Ƙuraje ko ramukan da roba ta ɓalle alamar zafi ya wuce kima ne. Shuɗi-shuɗi a kafaɗa na nuna man cikin robar ya taso saboda zafi. Kumburi a gefe, ko waya ta leƙo, ko zane ya soma rabuwa da jiki, a cire ta a take.

Idan gaba da baya girmansu ɗaya, a musanya su da tsakar rana don cin ya rabu. Motocin da bayansu ya fi faɗi ba su da wannan dama, sai dai hagu da dama idan tayar ba mai kibiya ba ce.

Kafin a kama hanyar gida, a jira tayoyin su huce a mayar da iska zuwa adadin jikin ƙofa, domin wadda aka sace zuwa 34 tana da zafi za ta koma 26 ko 27 idan ta yi sanyi, kuma doguwar tafiya a haka na cin gefenta. Setin fili kuma a wanke shi, a rubuta wa kowace inda ta fito da alli, a sa a baƙar leda a ajiye a ɗaki mai sanyi da duhu, nesa da janareta da injin walda da man fetur. Masu rim a jiki ana jera su a kwance ko a rataye su. Marasa rim a tsaye, ana ɗan juya su duk wata.